Allon da ke Aljihun Malam

Tun kafin assalatu muka baro Garu, ni da ɗiyar ƙanena da wasu samari biyu 'yan unguwarmu. A 2015 ke nan, shekarar da hukumar JAMB ta ajiye takarda da fensir baki ɗaya, ta ce duk mai neman shiga jami'a sai ya zauna gaban kwamfuta. Muka sami motar farko a tashar Illela, muka ratsa Gwadabawa da sauran duhu, gari ya ida waye mana wajen Kware. Yarinyar tana gefena, leɓɓanta na motsi kamar mai lazimi, bitar karatu take yi. Ba ni da wata fargaba a kanta. Ni na fara sa mata alli a hannu tun tana aji ɗaya, na kuma san irin kan da Allah ya ba ta.

Muna gab da shiga Sakkwato ta juyo ta ce, "Baba, in an zaunar da ni gaban abin, ina za ni taɓa?"

Na rasa ta cewa. Shekara 20 da ɗoriya ina aikin malanta, amma ban taɓa kama linzamin kwamfuta da hannuna ba. Abin da ya zo bakina shi ne, "Ke dai yi bisimilla, za su nuna miki."

Ashe ɗakin jarrabawa ba aji ba ne, masu tsaro ba koyarwa ta kawo su ba. Da ta fito take ba ni labari: in ta motsa linzamin sai 'yar kibiyar nan ta ɓace mata, in ta samo ta kuma sai ta ji tsoron dannawa kada ta goge abin da ta riga ta yi. Kafin hannunta ya faɗa, kusan rabin sa'a ta tafi. Lokaci ya cika da sauran tambayoyin da ko ganinsu ba ta yi ba, a fannin da ta fi kowa iyawa a ajinsu. Duk hanyar komawa ba ta ce uffan ba, ni ma haka. Ba ta ɗora mini laifi ba, tarbiyyarta ba za ta bar ta ba. Ni dai na san gidan da laifin ya kwana.

Saboda wannan yini nake rubuto muku, ku ƙannena da 'ya'yana da ke karatun NCE a kwalejin Shehu Shagari cikin Sakkwato ko a kwalejin tarayya ta Gidan Madi, da ku da aka riga aka tura ƙauyukanmu, Kalmalo, Araba, Damba, Gidan Hamma, Tozai, kuna koyon riƙon rajista. Ƙofofin da yaranku za su bi an sauya musu makulli, kuma ba a shawarce mu ba. A tsarin JAMB na yau tambaya 180 ce cikin sa'a 2, guda 60 na Turanci, sauran fannoni uku kowanne 40. Ku buga lissafin da kanku: sakan 40 ke nan ga kowace tambaya. Yaron da ya ɓata rabin sa'a yana kokawa da linzami ya yi asarar lokacin tambaya 45 tun bai nuna abin da ya sani ba. Daga 2021 ma ba a yin rajista sai da lambar NIN, sai an tura ta ta saƙon waya zuwa 55019 kafin a sami lambar fara cike takardu. Hukumar WAEC ta yi jarrabawarta ta farko da kwamfuta a farkon 2024 ga masu zanawa daga waje, a 2025 kuma ministan ilimi Tunji Alausa ya ba da sanarwar cewa WAEC da NECO za su koma kwamfuta daga 2026. Ko an cika wa'adin ko an ɗaga shi, alƙibla dai ta bayyana. Ku kanku ba ku tsira ba: jarrabawar hukumar rajistar malamai, TRCN, wadda ake yi tun 2017 kafin a ba mutum lasisin koyarwa, a gaban kwamfuta ake zama.

Na san amsar da ke bakin da yawanku, don ni ma na daɗe ina bayar da ita: ai ba a kawo mana kayan aiki ba, ba wuta, ba ɗakin kwamfuta. Gaskiya ne, kuma haƙƙi ne a wuyan hukuma, kada ku gaji da tambayarsa. Amma bari in gaya muku abin da idona ya gani. A wata makaranta da na taɓa aiki an kawo kwamfutoci, aka yi biki, aka ɗauki hoto, manyan baƙi suka tafi. Aka lulluɓe su da zane, aka ja ƙofa, makulli ya shiga aljihun shugaba. Ban ga laifinsa sosai ba, tsoro yake ji kada ɗaya ta lalace a ce ya biya, kuma cikinmu ba wanda zai iya kunnawa ya tsaya gaban yara da ita. Hunturu uku suka wuce. Ranar da aka buɗe ɗakin, ƙura ta yi musu rawani, ɓeraye sun gama da wayoyin.

Ba mu kaɗai wannan ya sama ba. A 2007 an gwada shirin nan na kowane yaro da kwamfutarsa a firamaren Galadima kusa da Abuja, labari ya zaga duniya, daga baya aka ji shiru. Ƙasar Peru ta raba irin waɗannan ƙananan kwamfutoci dubu ɗaruruwa, amma binciken da bankin raya ƙasashen nahiyar Amurka ya fitar a 2012 bai ga makin yara ya ƙaru a lissafi ko karatu ba. An sayi doki, an manta da mahayi.

Ranar Lahadi ku shiga kasuwar Illela ku buɗe ido. Ga dillali a kara yana zagaya bijimi da waya, yana ɗaukar bidiyonsa daga ƙaho har kofato don mai saye da ke zaune a Legas. Ga mai albasa ya kara waya a baki yana tura saƙon murya yana tambayar yadda buhu ya kwana a kudu. Ga ɗan canji yana juya sefa zuwa naira kafin ka ƙifta ido, layin waya biyu gare shi, na nan da na Ƙonni ta Nijar. A farkon 2023 da takardun kuɗi suka yi ɓatan dabo, har mai shayi sai da ya koyi jiran alat kafin ya zuba madara. Da yawansu ba su gama firamare ba, wasu ma mu muka kora su da bulala saboda ba su iya jadawalin sau ba. Sun koya ne don abincinsu yana wurin. To, mu da muke cewa ilimi ne sana'armu, me muke yi da irin wannan wayar da ke aljihunmu? In za mu faɗi tsakani da Allah: gaisuwar Juma'a, musun siyasa, da kallon barkwanci har caji ya ƙare.

Wayar nan, ko Tecno ce ko Itel mai fasasshen gilashi, ta ishe ka fara. Fara da abin da ya fi ƙanƙanta, wato sunanka da sirrinka. Ka mallaki adireshin imel naka na kanka, wanda kai ka buɗe, kai kaɗai ka san kalmar sirrinsa. Na san malamin da ya je shagon kafe aka cike masa takardar neman ƙarin karatu, yaron shagon ya buɗe masa imel ya riƙe kalmar sirri a kansa. Bayan wata shida yaron ya tafi ci-rani, saƙon gayyata ya zo ya zauna a akwatin da ba mai buɗewa, har ranar ta wuce. Wannan malamin kuwa shi ne zai shiryar da yara hamsin yadda za su yi rajista. Ka kuma sani, sunan da ka rubuta wa yaro a rajistar aji ɗaya yana iya bin sa har tsufa. Yau ka rubuta A'isha, gobe wani ya rubuta Aishatu, wajen yin NIN a sa Aishat, ranar haihuwa kuma kowa da tasa. A zamaninmu magatakarda zai duba ya ce ai duk ɗaya ne. Kwamfuta ba ta san wannan kara ba. Harafi ɗaya ya saɓa, sai uba ya sayar da akuya yana zirga-zirgar gyara tsakanin Illela da Sakkwato, tafiyar sama da kilomita 80.

Sannan ka koyi rubuta harshenka daidai a cikinta. Shiga saitin madannai, irin su Gboard, ka ƙara Hausa, sai ƙ da ɗ da ɓ su samu. Raina yana ɓaci in ga malamin Hausa ya rubuto wa zauren malamai cewa "baki sun zo", ko ya kasa raba ƙasa da kasa, ɗari da dari. In malami ya yar da lanƙwasa, wa zai tsince ta? Mu da ke bakin iyaka ma muna da ƙarin abin lura: 'yan'uwanmu na Nijar suna rubuta ƴ inda muke rubuta 'y, kuma yaranmu suna ganin duka biyun. Darasi ne guda mai daɗi, kyauta.

Babban aikin shi ne ɗauko karatu daga inda sabis yake zuwa inda babu shi. Kada ka shirya darasin da zai dogara da intanet a cikin aji, za ka ji kunya gaban yara kana ɗaga waya sama kamar mai neman wata. Ranar da ka shigo gari ka sami sabis mai ƙarfi, ko tsakar dare lokacin da data take araha, ka sauke abin da kake bukata ka adana a memori. A watan Maris na 2022 ma'aikatar ilimi ta tarayya da UNICEF da kamfanin Microsoft sun buɗe dandalin Nigeria Learning Passport, darussan firamare da sakandare kyauta, wasu har da Hausa. Ba duka ne za su dace da ajinka ba, kai za ka zauna ka tace. Bidiyon minti uku da ke nuna yadda zuciya take harba jini, ko yadda wata yake shiga tsakanin rana da ƙasa a yi husufi, ya fi zanen da na shekara ina yi a allo yara suna cewa ya yi kama da tulu. Ka kasa su biyar-biyar su zo su kalla, sauran suna aikin da ka ba su. In mutum ɗaya ya sauke, sauran malamai su karɓa ta Xender ba tare da kashe ko kwabo ba. Ku biyar ku haɗa kuɗin data, kowa da satinsa, kamar adashi.

Kuma ba sai abin da wasu suka yi ba. Wayarka tana naɗar murya. Karanta ɗan labari a hankali, da kyakkyawan furuci, ka tura wa iyayen da ke da waya, yaro ya bi da yatsa a littafi da dare. Ɗauki hoton tafkin Kalmalo da damina, ka sake ɗauka da rani daga wuri ɗaya, ka ajiye su gefe da gefe, ka tambayi 'yan aji biyar ina ruwan ya tafi. Ɗauki hoton allon ɗan canji ka mai da shi darasin lissafi: in dala sefa 5 ce, jikka kuma sefa 1,000, dala nawa ke cikin jikka uku? Yaron Garu zai amsa maka wannan kafin ka rufe baki, shi da aka ce ba ya gane lissafi. Makin jarrabawa kuma ka koyi zuba shi a jadawali irin na Excel. Daren da muke kwana muna tara maki da fitilar ƙwai, mu yi kuskure, uba ya zo da faɗa, ya wuce. Abin da ya fi wannan amfani, jadawalin zai nuna maka cewa yara 30 cikin 50 tambaya ta huɗu ce ta kayar da su, ka gane ba su ne ba su ji ba, kai ne ba ka koyar da wurin da kyau ba.

Kun ga abin da ya faru a Maris na 2020 da aka rufe makarantu saboda korona: aka koma darasi ta rediyo da talabijin, 'ya'yan masu hali a birane suka ci gaba ta intanet, namu suka koma kiwo da tallar ruwa. A Satumban 2021 kuma aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na jihar nan saboda 'yan bindiga. Wanda karatunsa ke cikin memori bai rasa komai ba. Wannan dabara ta ɗaukar ilimi a kai shi inda mutane suke ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Nana Asma'u, wadda aka haifa a Ɗegel nan ƙasar Gwadabawa, ta rasu a 1864, ta ga matan ƙauye ba za su iya barin gidajensu su zo Sakkwato ba. Sai ta zuba karatu cikin waƙoƙi masu sauƙin haddacewa, ta horar da wasu mata da ake kira jajis, ta naɗa musu malfa, suka riƙa komawa garuruwansu da shi a ka suna koyar da 'yan'uwansu mata, wato 'Yan Taru. Ku lura, jajin ta fara gyarawa. Ina faɗin wannan musamman saboda ku malamai mata. Akwai zauren da ni ba zan wuce ba, ke kuwa har ƙuryar ɗaki za ki shiga. In kin iya, yarinyar da ba za a bari ta je shagon kafe ba ta sami inda za ta koya, uwarta ma ta ga cewa waya tana da wani aiki ban da wanda ake tsoro.

Tsoron nan kuwa yana da dalili, kada ku raina shi. A ƙauye, in labari ya shigo ta waya, wurin malam ake zuwa a ce, "Malam, wai gaskiya ne?" Ku tuna Agustan 2014, daren da saƙo ya zaga ƙasar nan cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha don maganin Ebola. Masu digiri sun sha, wasu sun kwanta asibiti, an rasa rayuka. Malamin da ya san na'ura shi ne wanda zai tsaya ya duba: wa ya faɗa, yaushe, hoton nan na bana ne ko tsoho ne aka sake masa riga? Shi ne zai gaya wa matasa cewa duk shafin ɗaukar aiki da ya nemi lambar BVN da lambar sirrin da banki ya turo, ɓarawo ne. In kai ne kake fara turawa kafin ka karanta, to gari ya rasa matacinsa.

Haka batun ƙirƙirarriyar basira. Tun da ChatGPT ta fito a ƙarshen 2022 irin waɗannan manhajoji suka yi yawa, kuma na ga matasan malamai suna sa su rubuta musu shirin darasi cikin minti ɗaya. Ban hana ba, ni ma na gwada wata daga cikinsu. Na ce ta shirya mini darasi da Hausa a kan lokutan shekara. Ta rubuto shi tsaf, da manufa da matakai da tambayoyin auna fahimta, sai dai a ciki ta ce bazara lokaci ne na sanyi mai daɗi da furanni ke tohowa. Na yi dariya har na ƙware. Bazara, a Illela! Lokacin da ko ƙadangare neman inuwa yake. Ta ɗauko shekarar Turawa ta sa mata sunayenmu. Wanda ya san fanninsa zai gani nan take ya gyara, ya ci ribar sauran. Wanda bai sani ba zai kwafe a allo, yara su kwafe a littafi, sufeto ya zo ya sa hannu. Don haka kada wanda ya ce muku na'ura za ta rufa wa malamin da bai yi karatu ba asiri. Tona shi take yi, a gaban jama'a kuma.

Akwai kuma amana. Yaran da ke gabanka 'ya'yan mutane ne. Kada ka ɗora hotonsu a Facebook ko TikTok ba da izinin iyaye ba, balle 'yan mata. Na ga bidiyon da wani ya ɗauki yaro yana in'ina wajen karatu, aka yi ta yaɗawa ana dariya. Yaron nan zai girma, bidiyon ba zai mutu ba. Malamin da ke latsa waya yana hira alhali aji na jiransa, da wanda ke tura amsar jarrabawa ta WhatsApp, ba na ma son in ɓata tawada a kansu.

Za ku ce albashin bai kai ba. Na sani, na karɓe shi shekara da shekaru, na san ranar da yake ƙarewa. Amma abin da ya hana ni koyo duk tsawon lokacin nan ba kuɗi ba ne, girman kai ne. Bayan dawowarmu daga Sakkwato na yi sati ina juyayi, sannan na tafi rumfar wani tsohon ɗalibina mai cajin waya da gyara, wanda na sha zane shi a aji huɗu. Ya miƙe tsaye yana "Malam, lafiya?" Na ce, "Karatu na zo ɗauka." Ya ɗauka zolaya ce, ya ƙi zama sai da na rantse. Wata uku ina zuwa bayan la'asar, yana da wata tsohuwar kwamfuta da yake zuba wa mutane waƙoƙi da wa'azi a memori. In na yi kuskure sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah gafarta Malam, a ɗan sake dai." Bai taɓa karɓar sisina ba, sai dai in aiko masa da shayi.

Ɗiyar ƙanen nawa ta sake zama a shekara ta gaba, ta samu, ta yi NCE, yanzu ita ma tana riƙe da aji. Kwanakin baya na leƙa ta ranar Alhamis. Ta yanka kwalaye ta zana madannan kwamfuta a kan kowanne, harafi bayan harafi, ta shafa wa guda takwas jan launi: A, B, C da D na zaɓen amsa, N na wucewa gaba, P na komawa baya, S na miƙa aiki, R na fasawa, waɗanda JAMB ta shigo da su a 2017 don kada linzami ya sake cin lokacin kowa. Yara suna zaune a tabarma kowa da kwalinsa, tana karanto tambaya suna dannawa. A kan teburinta akwai kwamfuta ɗaya tak, ta hannu, wadda aka cajo a rumfar sola, ana zuwa gare ta layi-layi.

Da ta gan ni ta ce, "Baba, zo ka gwada musu."

Na gyara babbar riga na zauna, na amsa tambayar farko, sannan na tsaya ina laluben inda zan wuce. Wani ɗan yaro da bai fi shekara tara ba, majina a hanci, ya matso ya kama mini yatsa.

"Baba Malam, ba nan ba. N za ka taɓa."